Tarakta, Famfo da Malamin Gona: Wanne Ya Fi Yi wa Ƙaramin Manomi Rana?

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da gwamnatin tarayya ta sayo daga ƙasar Belarus. An jera su reras a wani fili kusa da Abuja, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Duk wanda ya kwana biyu a ƙasar nan ya san ba yau aka fara irin wannan buki ba. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 ya zo da alƙawarin injuna, na Shagari a 1980 ma haka, kuma da wuya a sami gwamnan Arewa da bai taɓa tsayawa gaban jerin taraktoci ya yanke ƙyalle ba. Amma har yanzu in ka shiga ƙauye a farkon damina, fartanya da garmar shanu za ka fi cin karo da su. To ina taraktocin nan suke zuwa? Kuma a cikin tarin kayan zamanin da aka kawo wa manomi, wanne ne da gaske ya ƙara masa hatsi a rumbu da kuɗi a aljihu?

Sai an fara sanin wane ne ake magana a kansa. Mafi yawan manoman Arewa ba su da abin da ya wuce hekta ɗaya ko biyu, shi ma ba a wuri guda ba: ga wata 'yar gona a bayan gari, ga wata a jigawa, ga ɗan yanki a fadama da aka samu wajen rabon gado. Babban abin da ke shaƙe wuyan irin wannan manomi shi ne lokaci. Damina a ƙasar Kano wata huɗu ce, in ta yi kyau. Da ruwan shuka ya sauka, huɗa da shuka da noman fari duk suna cunkushe ne a cikin 'yan makonni, kuma kowa a garin yana neman hannu a rana ɗaya. A da gandu ne ke ɗaukar wannan nauyi, uba da 'ya'yansa da ƙannensa a gona guda, in abin ya yi yawa a kira gayya. Yanzu gandu ya watse a gidaje da dama, samari sun tafi birni tuƙa A-daidaita-sahu, ɗan ƙwadago kuwa a makon noman fari sai abin da ya yanka maka. Wanda ya makara da shuka da mako biyu, ko ciyawa ta riga shi, ya riga ya yi asarar wani kaso na amfaninsa tun kafin ya zuba taki. Saboda haka ma'aunin kowane inji a wurin ƙaramin manomi ɗaya ne: shin ya iso gonar a makon da ake bukatarsa, kuma ya ɗauke aikin da ya fi cin rai?

Turawan mulkin mallaka sun koyi wannan darasi da kuɗinsu a Mokwa. A 1949 suka buɗe wani katafaren shirin noman inji a can, suka share daji, suka kawo taraktoci, suka zaunar da iyalai, aka ɗora wa kowane magidanci noman eka 24. Tarakta ta yi kaftu cikin sauri, babu laifi. Sai dai noman ciyawa da girbi an bar wa hannun mutum, kuma babu magidancin da zai iya bin eka 24 da fartanya kafin ciyawa ta rufe shi. A 1954 kamfanin da ke tafiyar da shirin ya tattara nasa ya nasa. Kaftun fili mai faɗi ba tare da an tanadi abin da zai biyo baya ba ƙarin wahala ne kawai, kuma har gobe ana maimaita wannan kuskure.

Abin da ya zauna daram shi ne garmar shanu, wadda ma'aikatar gona ta fara koya wa manoman Arewa tun 1928. Dalilin zamanta a bayyane yake. Bijimai biyu za su huɗe hekta a cikin kwana biyu ko uku, aikin da zai ci wa mutum ɗaya makonni. Su ne kuma za su dawo su yi maimai, su ja amalanke da taki zuwa gona, su kwaso dami zuwa gida, kashinsu ya koma taki. Mai su yana gama tasa gonar ya shiga ta maƙwabta a biya shi. In bakin garma ya cinye, maƙerin kasuwar ƙauye zai yi masa wani. Bayan 'yan shekaru ya sayar da bijiman da riba ya sayi ƙanana. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna sun karya wannan tsari a garuruwa da yawa, har wasu da suka shekara ashirin ba su yi huɗa da hannu ba suka koma ga fartanya. Wannan asara ce da ba a cika lissafa ta ba in ana maganar tsaro.

Amma in za a tambaye ni injin da ya fi kowanne sauya rayuwar talakan manomi a Arewa cikin shekaru arba'in ɗin nan, ba zan yi wata-wata ba: ɗan ƙaramin famfon ban-ruwa ne mai shan fetur. Kafin zuwansa, mai lambu da jigo yake ban-ruwa, doguwar sanda da curin laka a gindinta da guga a bakinta, yana sunkuyawa yana ɗagowa tun asuba, kuma duk ƙoƙarinsa 'yan fangaloli kaɗan zai iya shayarwa. Hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara yaɗa famfo a shekarun 1980, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara masa ƙaimi daga farkon shekarun 1990, tare da dabarar haƙa 'yar rijiyar bututu a inda ruwa yake kusa. Yanzu dubi yadda abin yake da hantsi a bakin kogin Haɗeja ko fadamar Argungu. Mutum ya ɗauko famfonsa a bayan babur, ya ɗaura tiyo, ya ɗura ɗan ruwa a cikinsa don ya kama, ya fizgi igiya. Ruwa ya kama gudu a magudana, yaro yana biye da shi da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali, in ya cika ya toshe ya buɗe na gaba. Kafin azahar an gama, an naɗe tiyo, an mayar da famfo gida don kada a wayi gari babu shi.

Abin da wannan ɗan inji ya yi shi ne ya ba manomi kaka ta biyu, wani lokaci har ta uku. Mutumin da a da yana gama girbin dawa zai ɗauki jaka ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, yanzu yana gida yana noman albasa da tumatir da attarugu da alkama da shinkafar rani. Albasar Aliero a Kebbi da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar, wadda ake kai wa har Ghana da Kwaddibuwa, da ban-ruwa suke tsaye. Kuma a lura da dalilan da suka sa famfo ya karɓu ba tare da an yi ta roƙon kowa ba. Kuɗinsa bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba in ya sayar da 'yan awaki. Mai gyaran babur na bakin kasuwa ya san cikinsa. Kayan gyaransa suna nan a kowane shago. Babu fom, babu layi, babu neman alfarmar kansila.

Rauninsa ɗaya ne, kuma ya bayyana ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Shinkafar rani kuwa tana shan ruwa kamar ba gobe. Manoma da yawa sun rage faɗin abin da suke nomawa, wasu suka sa makanikai suka juya musu famfon ya koma aiki da tukunyar gas ta girki, masu ɗan ƙarfi suka koma famfo mai aiki da hasken rana. Na ƙarshen nan shi ne mafita ta gaskiya, don da zarar an kafa shi babu kuɗin mai, amma kuɗin sayensa a tashi ɗaya ya fi ƙarfin wanda ya fi bukatarsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In akwai wurin da bashi mai sauƙi zai yi amfani nan take, to nan ne.

Bayan famfo sai injunan kaka. Injin ɓarzar masara, injin bugun shinkafa da na waken soya, injin niƙa, injin matsar man gyaɗa. Yawancinsu ma ba daga waje ake kawo su ba. 'Yan walda na Panteka a Kaduna da takwarorinsu na Kano da Zariya ne ke ƙera su, su ɗora musu ɗan injin dizal, wasunsu bisa samfurin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Saurayi ɗaya zai sayi inji, ya ɗora a amalanke ko bayan a-kori-kura, yana bi gona-gona ana biyansa a kan kowane buhu. Manomi bai mallaki komai ba, amma masarar da za ta yi mako ana bugu da sanda an gama ta a yini, ba ta kwana a fili ta sha raɓa ko ta ciyar da ɓeraye ba. Mata ne suka fi kowa sanin darajar waɗannan injuna, don sussuka da surfe da daka a kansu suke tun fil azal. A Kura, tsakiyar yankin da madatsar Tiga ke shayarwa tun bayan gina ta a 1974, sana'ar turara shinkafa da kai ta injin casa ta riƙe gidaje masu yawa, kuma mata ne ƙashin bayanta.

To, tarakta fa? Tana da amfani, babu musu, musamman a ƙasa mai nauyi irin ta fadama da laka, inda bijimi ke wahala. Matsalar ita ce lissafinta ba ya fita a hannun mai hekta ɗaya. Kafin tarakta ta mayar da kuɗinta sai ta yi aiki a ɗaruruwan hekta kowace shekara, alhali kowa a gari makon nan ɗaya yake son ta. Rabin yininta kuma yana ƙarewa ne a hanya, daga wannan 'yar gona zuwa waccan, tana shan dizal ba ta kafce komai ba. Ofisoshin hayar tarakta na gwamnati sun daɗe suna faɗuwa a kan wannan dutse. Mai faɗa a ji ne ke fara samu, talaka ya biya kuɗi ya yi ta sintiri har lokacin shuka ya wuce, sannan wata rana wani ɗan ƙarfe ya karye, a jingine ta a harabar sakatariya tayoyi su sace. Kowace gwamnati kuma da ƙasar da take sayowa, yau ta wannan kamfani gobe ta wancan, makaniken da ya ƙware a kan wata sai ya tarar an kawo wadda bai taɓa buɗe cikinta ba. Har masana'antar harhaɗa taraktoci ta Steyr muka taɓa yi a Bauchi. Da ta ɗore, da aƙalla kayan gyara ba su zama abin nema ba.

Hanyar da ta nuna alamar ɓullewa ita ce haya a hannun 'yan kasuwa. Kamfanin Hello Tractor, wanda wani Ba'amurke mai suna Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya kuma fara aiki a Nijeriya, ya gina sana'arsa a kan wannan. Ana maƙala wa tarakta wata 'yar na'ura da ke nuna wa mai ita inda take da yawan aikin da ta yi, don direba ya daina noman gefe yana sa kuɗi a aljihu. Sannan akwai wakili a ƙauye, galibi matashi mai waya, da zai tattara manoman da gonakinsu ke kusa da juna har su kai yawan da zai sa zuwan tarakta ya biya, shi kuma ya ci kwamisho. Da yake damina tana fara sauka daga kudu ta hauro arewa, tarakta ɗaya tana iya farawa daga Neja ko Nasarawa ta biyo ruwa har Jigawa, ta yi watanni tana aiki. Tsarin bai kai ko'ina ba, kuma tsadar dizal tana cizonsa, amma ya gano inda gizo ke saƙar: haɗa kan manoma da tsara lokaci.

Duk wannan rabin zance ne. Inji yana sa a yi aiki da sauri, amma in aikin na kuskure ne, kuskuren zai yi saurin yaɗuwa. A nan malamin gona ya shigo. Da aka buɗe ayyukan raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, aka kuma faɗaɗa su zuwa hukumomin jiha irin su KNARDA a Kano, malamin gona mutum ne da ake gani a kan babur, yana da ranar zuwa kowane ƙauye. Da kuɗin Bankin Duniya da ke tallafa wa ayyukan ya ƙare, jihohi suka yi sakaci. Tsofaffi suka yi ritaya ba a ɗauki sababbi ba, waɗanda suka rage ba man babur. Yau malamin manomi a garuruwa da yawa shi ne mai shagon maganin feshi, wanda shi kuma abin da ke gabansa ya sayar da hajarsa.

Don a ga abin da horo ke iya yi, a dubi masara. Ƙungiyar Sasakawa, wadda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka assasa a 1986, ta shigo Nijeriya a 1992 ta fara da Kano da Kaduna. Ba ta raba taraktoci ba. Abin da ta yi shi ne ta sa manomi ya ware wani yanki na gonarsa, ya noma shi da hannunsa bisa ƙa'ida, malamin gona yana tsaye, maƙwabta suna kallo. Ƙa'idar da ake koyarwa ba ta da wuyar faɗi: ingantaccen iri, ƙwaya ɗaya a rami, santimita 25 tsakanin rami da rami, 75 tsakanin kunya da kunya, abin da zai ba da tsiro wajen 53,000 a hekta. Taki kuma a tona ɗan rami a gefen shuka a binne shi, kamfa da wuri, yuriya bayan 'yan makonni, domin yuriyar da aka watsa a sarari wani kasonta iska ke tafiya da shi, wani ruwa ya wanke. Dattawa sun yi ta dariyar mai shuka da igiya da ɗan karan awo, suna cewa wa ya taɓa jefa ƙwaya ɗaya a rami. Da kaka ta yi aka auna buhuna sai dariya ta ƙare. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a ƙasar nan bai cika wuce tan 2 ba, irin waɗannan gonakin gwaji kuwa sukan ninka haka. Manomi ba ya gardama da abin da ya gani a gonar maƙwabcinsa, a ƙasa irin tasa, da ruwan sama irin nasa.

Haka labarin buhun adana wake yake. Kowa ya san yadda ƙwari ke mayar da wake gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke rabuwa da shi da kaka a farashin wulaƙanci, ko kuma ya zuba masa guba. Gubar nan ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru da na Maraɗi, sun fito da buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba magani ko kaɗan. Iska ce ke ƙarewa ƙwarin su mutu. Amma duk sirrin yana wajen ɗauri. Sai wake ya bushe sarai, a duba leda ba ta da huji, a matse iska, a murɗe bakin ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan na waje. Wanda ya haɗa su ya ɗaure lokaci guda, ko yake buɗewa kullum yana ɗiban na miya, zai ce buhun ƙarya ne. Shi ya sa da aka fara yaɗa shi daga 2007, sai aka bi ƙauyuka ana cika buhu a gaban jama'a, a ajiye, bayan watanni a tara mutane a buɗe kowa ya sa hannu ya duba. Wanda ya iya ɗaurin nan yana riƙe wakensa har bazara, lokacin da farashi ya tashi.

Akwai ɓangaren da masu tallar zamani ba sa son a taɓo. Injin girbi da ya shiga gonar shinkafa ya kori masu yanka da masu bugu, har da matan da ke samun mudu biyu-uku na ladan shiƙa da kala, kuma su ne mafi talauci a garin. Faifan tarakta in ya nutsa a jigawa yana farfasa ƙasa iska ta kwashe, direba kuma ya fi son fili fetal, don haka gawo da ɗorawa da kaɗanya sai a sare, alhali a Maraɗi da Damagaram manoma sun farfaɗo da miliyoyin hekta ne ta hanyar barin kututture ya tofo a cikin gona. Injin feshi na goyo ya rage wahalar noman ciyawa ƙwarai, amma je ka ga yaron da ke feshin: ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana gauraya magani da hannu, in bakin ya toshe ya sa baki ya hura. Ga masu rasa yatsu a injin ɓarza. Kusan duk waɗannan, in ka bi diddigi, rashin mai koyarwa ne.

Hukuncina dai shi ne an daɗe ana sa kuɗi a inda ya fi kyan hoto. Kuɗin tarakta guda zai sayi famfunan hasken rana masu yawa, ko ya ɗauki nauyin malaman gona da baburansu da mansu na tsawon lokaci, ko ya horar da samarin ƙauye gyaran inji da tuƙi. Taraktocin da aka riga aka sayo kuwa, a sayar da su bashi ga masu haya da ƙungiyoyin manoma da za su biya, a tabbatar akwai shagon kayan gyara a kowace shiyya, kuma a buga sunayen waɗanda suka karɓa kowa ya gani. Manoma su ma da nasu aikin: waɗanda gonakinsu ke jere su haɗa kai tun bazara su kama layin haya tare, kada a jira ruwa ya sauka. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a da hoton tarakta a fastarsa, a tambaye shi malaman gona nawa ne ke aiki a ƙaramar hukumarsa, kuma yaushe rabon da a ɗauki sabo.